Kwaɗon da Na Sa wa Injin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da Kawu ya rasu, kowa ya yi kukansa ne a inda dokar kulle ta ritsa da shi. Mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta kira ni daga Kano ta kasa haɗa magana, sai "Yaya, Yaya" take ta maimaitawa har layin ya yanke. Ɗalibanmu na nan Malesiya, na unguwannin Taman Melati da Wangsa Maju, suka cika zauren waya da addu'a, kowa yana tuna ranar da Kawu ya ɗauko shi daga filin jirgi ko ya yi yawon neman ɗaki da shi. Mai kedai mamak, wato wurin shayi da abinci na ƙasan shagonsa a unguwar Cheras, ya yi kwana uku yana aiko da abinci gida. Har wani dattijo Basine daga Penang, mai tara tsofaffin injinan wasa, ya bugo yana shesshekar kuka, ya ce yanzu ba wanda ya rage da zai buɗe tsohon makulli ba tare da ya ji masa ciwo ba.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kukana ba shi kaɗai ya zo ba, da ƙyashi ya zo. Cutar korona ce ta ɗauke shi, don haka mutum ɗai-ɗai aka bari su tsaya daga nesa a maƙabarta. Surukinsa, mijin 'yarsa, shi ya je. Ni ɗan ƙanwarsa, jininsa, ina zaune a ɗakina a Taman Melati ina kallon jana'izar ta wayar da surukin ya ɗaga mini. Ana saka Kawu a kabari ina cewa a raina, ko a nan ma shi ne a gaba. Ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da ya fi ci mini rai: na yi wa Kawu wata ɓarna shekara guda kafin rasuwarsa, ban nemi gafara ba, ban kuma san ko da fushina ya tafi ba. Don wannan nake rubutun nan, kuma don kada a manta da shi.

Karatu ne ya kawo Kawu Malesiya tun ina cikin zane. Karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Ya auri Bamalayiya, wadda duk muke kira Makcik, ya kama aikin gyaran injinan gidajen gem, irin waɗanda ake jefa sulalla a ciki a yi wasa. Da zamani ya juya aka daina zuwa gidajen, sai ya riƙa bin masu rufewa yana kwaso injinan da za a zubar, yana gyarawa, yana sayar wa masu sha'awar tara su. Shagonsa yana hawa na biyu, kana hawa matakala ƙamshin shayin mamak na bin ka. A ciki akwai dogayen akwatuna masu allon talabijin, akwai kuma waɗanda ya fi so, injinan fimbol. Fimbol tebur ne mai rufin gilashi, ƙwallon ƙarfe na yawo a cikinsa, kai kuma kana danna maɓallai biyu a gefe kana buga shi sama don kada ya faɗa rami.

Kowa ya shiga shagon fitilu da zane yake kallo. Kawu ƙofa yake fara dubawa. Kowane inji yana da ƙaramar ƙofar ƙarfe a gaba, inda ake jefa sulalla, da makulli mai zagayen baki a jikinta. Idan aka kawo sabon inji sai ya durƙusa, duk da ciwon gwiwarsa, ya bi ƙofar da babban yatsa kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Daga nan zai faɗa maka rayuwar injin. Wannan an ajiye shi a unguwar da ake ɓalle ƙofofi, ga ramukan da aka huda aka gitta sandar ƙarfe. Wancan mai shi ya yar da mabuɗi, ya sa injin huda ya farke makullin. Wannan kuwa, sai ya yi murmushi, a gidan mutunci ya zauna.

"Fitila ana sakewa, waya ana sakewa," in ji shi. "Rami ba a mayar da shi. Ko ka cike ka shafe da fenti, mai saye zai leƙa ta ciki ya gani."

A wajen masu tarawa, injin da ya zo da ƙofarsa lafiya, da makullin da kamfani ya sa masa, da mabuɗinsa na asali, shi ne sarki. Wanda aka huda kuwa, ko ya fi kowanne daɗin wasa, kallo ɗaya za su yi masa su wuce. Shi ya sa Kawu bai taɓa farke makulli ba. Na ga ya yi kwana uku a kan guda ɗaya da wasu 'yan siraran ƙarafa, yana lallaɓa shi, yana yi masa magana da Malayanci. Mabuɗan kuma duk suna kan wani babban zobe da ke rataye a ƙugunsa, kowanne da zaren launinsa. Tun daga ƙasan bene za ka ji tahowarsa.

Ran Juma'a bayan masallaci yakan buɗe ƙofofin injinan, ya taɓa wata 'yar waya a ciki, duk wanda ya hawo ya yi wasa kyauta. Manyan ɗalibai masu gemu, masu iyali a gida, za ka gan su suna ihu a kan ƙwallon ƙarfe, shi yana zaune a gefe yana dariya yana aika a tapau musu shinkafa, wato a ƙunso musu. Inji ɗaya ne ba a taɓawa. Tsohon fimbol ne mai zanen jirgin ruwa, yana can ƙurya an lulluɓe shi da zanen gado. Ba tabo ko ɗaya a ƙofarsa, mabuɗinsa har da 'yar alamar kamfani a jiki. Kawu yana kiransa Hajiya. Dattijon Penang ya yi shekaru yana zarya a kanta, Kawu yana ce masa, "Next year lah, Hajiya ba ta shirya ba."

Ni na zo yin digiri na uku ne a fannin injiniya, kuma na zo da kaina a kumbure. Na ɗauka da na shiga shagon za a miƙo mini zoben mabuɗai. Sai Kawu ya miƙo mini tsumma da ruwan goge gilashi. "Dakta," ya ce, don tun kafin in rubuta shafi ɗaya ya laƙaba mini sunan, "fara da wannan." Shekara biyu ina goge gilashi duk Asabar.

A shekarun nan kuwa ga surukinsa a gefe. Bakatsine ne, malamin makaranta, mai magana ƙasa-ƙasa, hannunsa ba sauri ko kaɗan. Ko sunan ƙarafan bai sani ba da farko. Amma shi Kawu yake kira ya durƙusa kusa da shi, ya damƙa masa siraran ƙarafan nan, ya riƙe masa hannu yana cewa, "Malam, slowly, ka ji ya motsa?" Ni ina tsaye da tsummana ina cika ina batsewa. Idan ya buɗe makulli Kawu ya dafa kafaɗarsa, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba. Kullum shi ke fara gaishe ni, kuma wannan ma haushi yake ba ni. 'Yar Kawu, taubashiyata, ta gano ni tun da wuri. Takan ce, "You're jealous lah, Dakta," in ce Allah ya kiyaye, ta kwashe da dariya.

Da aka sa kulle na farko, sai na ga kamar dama ce ta zo mini har gida. Kawu yana da ciwon suga, likita ya ce kada ya leƙa waje. Surukin yana Wangsa Maju, shingayen 'yan sanda sun raba shi da Cheras. Ni na tattara kayana na koma gidan Kawu don in riƙa yi musu cefane. Wata safiya mai mamak ya bugo ya ce an fasa shagon maƙwabci. Kawu ya kasa karyawa. Ya cire mabuɗin ƙofar shago kaɗai daga zoben, ya ba ni, ya ce in je in duba in dawo.

Na je na tarar komai lafiya. Na yaye zanen Hajiya na tsaya ina kallon ɗan makullinta, wanda bai fi sulai girma ba. A gidanmu a Kano, duk abin da ake ji da shi kwaɗo ake danna masa. Haka na ga mahaifina yana yi wa rumfarsa, haka aka yi wa akwatin makarantata. Na ce a raina ɓarawo yana shigowa wannan ƙofar zai ɓalle da tunanin akwai sulalla a ciki, kuma ga shi wai malamin makulli bai taɓa tunanin kare ta ba. Na sauka na sami shagon kayan gini a buɗe, na sayi ƙarfen rataya kwaɗo mai kauri da kwaɗon da ya fi kowanne nauyi. Injin huda yana nan a shago, wanda Kawu ke gyaran ƙafafun tebur da shi. Na auna da kyau, don aikin injiniya na yi. Na huda rami biyu a ƙofar ƙarfe, biyu a katakon jiki. Na ɗaure, na danna kwaɗo, na ɗauki hoto. A hanyar gida har waƙa nake yi a cikin takunkumi.

Kada wani ya ce ban taɓa jin maganarsa a kan rami ba. Na ji ta fiye da sau ashirin. Kunnena ne ke wajen, hankalina yana kan wanda ake faɗa wa.

Na same shi a falo, na ajiye masa mabuɗin kwaɗon a kan tebur, na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, har fankar sama na ji tana ƙara.

"Rami nawa?" ya tambaya.

"Huɗu, Kawu. Yanzu ko da guduma aka zo, ba boleh, ba mai iya ɓalle ta."

Ya cire tabaran ya naɗe a hankali. "Ka ci abinci?"

Na ce a'a. Makcik, da ta leƙo ta ga fuskarsa, ta ja ni kicin tana cewa, "Makan dulu, makan dulu," wato in fara cin abinci tukuna. A nan, ina gaban kwanon shinkafa, abin da na aikata ya sauko mini. Na ture kwanon gefe.

Da la'asar ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce akwai sandar da ake gittawa ta cikin ramukan ƙusoshin da kamfani ya riga ya yi, a cire ta duk ranar da aka so ba tabo, tana nan ma a ƙarƙashin teburinsa, kuma da na buga wa Malam waya da ya faɗa mini. Jin sunan nan ne ya kunce mini baki.

"Ai dama komai Malam," na ce. "Da ka koya mini kamar yadda ka koya masa, da ban yi ba. Shekara biyu tsumma ka ba ni, Kawu. Ni ne ɗanka, shi aure ya kawo shi."

Ya dube ni. "Shi ma da tsumma ya fara, kafin ka zo. Na ba ka gilashi ne don ka riƙa kallon cikin inji. Shi da yana gogewa inji yake kallo. Kai shi kake kallo."

Ban ce ya yi haƙuri ba, wanda shi ne abin da ya kamata in faɗa, kalma biyu kacal. Na tashi na shige ɗaki.

Dattijon Penang ya ga hoton. Ya bugo waya ya ce abin tausayi ne, daga ranar bai ƙara tambayar Hajiya ba. Da aka sassauta kulle muka haɗu a shagon, surukin ya durƙusa ya duba, ya ce, "Baba, zan iya cire ƙarfen in cike ramukan, daga nesa ba za a gane ba." Kawu ya ce a bar shi yadda yake. Ni na fassara wannan da cewa so yake abin kunyata ya zauna a fili kowa ya gani. A ranar kuma, a gabana, ya kwance zoben mabuɗan daga ƙugunsa ya miƙa wa surukin, ya ce gwiwarsa ta gaji da hawa bene. Na ji ƙarar zoben a hannun wani, na tattara kayana na koma Taman Melati a daren nan.

Daga nan na ja jiki. Ya kira ni sau da yawa. "Dakta, ka guje mu ne? Makcik ta yi miyar kuka, ta ce ka zo ka faɗa mata ko ta yi daidai." In ce rubutu ya yi mini yawa. Da ƙaramar salla na je na gaishe shi a tsaye, na ce ina sauri. Ina jira ne sai na gama karatun in je masa da takardar a hannu, in yi maganar daga sama, ba daga ƙasa ba. Shekara ta zagayo, aka sake kulle, cutar ta shiga gidan. Kwana tara ya yi a asibiti, ba mai shiga. Na tura masa saƙo mai tsawo a rana ta bakwai. Har yau alamar da ke jikinsa ta nuna ba a buɗe ba.

Bayan arba'in Makcik ta ce ba za ta iya riƙe shagon ba. Da aka buɗe hanya muka haɗu a can, ni da ita da surukin. Masu saye suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya da takunkumansu, kowa ya durƙusa ya shafa ƙofa kamar yadda Kawu ke yi. Surukin yana bin injinan da zobe yana buɗewa, ni ina riƙe da tsumma, don abin da na iya ke nan. Cikin kwana biyu aka kwashe komai. Hajiya kaɗai ta rage. Duk wanda ya yaye zanen ya ga kwaɗon sai ya mayar ya rufe.

Surukin ya ce a buɗe ta a cire ƙafafun don a iya saukar da ita, don ƙusoshin ta ciki suke. Ya bi zoben kaf, mabuɗin kwaɗon ba ya ciki. Muka duba aljihun tebur, muka zazzage gwangwanaye. Na ce a raina Kawu ya jefar da shi ne, kuma ya yi daidai.

"Sai dai a yanke," in ji surukin. "Dakta, ko za ka sauka ka aro zarto?"

"Jangan," in ji Makcik, wato kada a yi. Ta buɗe jakarta ta fito da wata leda, wadda asibiti suka mayar mata da kayansa a ciki. Tabaransa, agogonsa, da carbinsa baƙi wanda duk muka sani. Ta zaro carbin ta miƙo mini. A jikin tuntun, an ɗaure da koren zare, ga mabuɗin kwaɗona.

Ta yi magana da 'yar Hausarta da ta koya a wajensa, tana cikewa da Malayanci. Ta ce kwana biyu ya yi ba ya cin abinci sosai bayan abin, ba za ta ɓoye mini ba, ya ji ciwo. A rana ta uku ta gan shi yana ɗaure mabuɗin. Ta tambaye shi, ya ce sauran makullan duk kamfani ne ya sa su, kamfanin da bai san shi ba. Wannan kuwa yaron da ya ji tsoron a yi masa sata ne ya sa. Ya ce shekara talatin yana ganin irin ramukan nan a injinan mutane yana tsaki, bai taɓa tunanin wanda ya huda ba sai da aka huda nasa. Ya hana a cike ne don kada in zo in ga an goge aikina.

"Ya ce za ka zo," in ji ta. "Every Friday ya ce za ka zo."

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na ɗago, surukin yana tsaye da zobensa a hannu, yana kallon carbin, kuma na gane kallon, don shekara uku ina yin irinsa.

"Shekara shida ina buɗe masa makullai," ya ce a hankali. "Bai taɓa ɗaura nawa a carbi ba."

Na matsa na sa mabuɗin, kwaɗon ya buɗe. Amma ƙofar ba ta motsa ba, don makullin kamfani yana nan a kulle a bayansa, mabuɗinsa kuma yana kan zobe. Na ja gefe. Ya durƙusa inda Kawu ke durƙusawa, ya nemo mai 'yar alamar, ya murɗa. A ciki ba komai sai garin katako da ɓurɓushin ƙarfen da hudata ta zubar, yana nan yadda na bar shi.

Hajiya tana falon Makcik yanzu, da ramukanta huɗu. Ba mai saye, ba a kuma sayarwa. Zoben yana wajen Malam, kuma ba zan yi ƙarya a rubutun mamaci ba, idan na ji ƙararsa har yanzu wani abu yana motsa mini. Carbin yana wajena. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya buɗe masa ƙofofin rahama ya sa ya huta. Duk wanda ya taɓa wasa kyauta a shagonsa ran Juma'a, ina roƙo ya yi masa addu'a.

Ni ma ina zuwa gidan duk Juma'a yanzu. Makcik takan buɗe mini ƙofa, ta ce na zo, in ce na zo.